Fatar gadar da muka ja ni da Kawu

Jiya a kasuwar Kafanchan na wuce wata mai sayar da bagaruwa, warin ya tsayar da ni. Haka hannuwan kawuna suke wari har ya rasu, domin da ita yake jimar fata.

Shekarar da na binne 'yata na daina addu'a. Na je taron farkawa a coci kwana uku, na fito kamar yadda na shiga. Sai na tafi wurin Kawu a Kwoi, na tarar ya tsamo fatar gada daga tukunya, baƙin ruwa yana ɗiga a ƙafarsa.

Na ce, "Kawu, addu'a ta ƙi fita daga bakina."

Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, "To, bar shi tukuna. Kama nan ki ja."

Muka shafa mata man gyaɗa, muna ja muna murzawa har kafaɗuna suka yi tsami. Can ya ce, "Da matata ya mutu, shekara biyu na yi haka. Ubangiji bai yi fushi ba, ya jira ni."

Da aka kawo tuwo ya yi godiya, na ji bakina ya ce amin, karo na farko cikin wata bakwai.

Kwanakin nan gajiya da addu'a ta dawo mini, kuma babu wanda zan je wa. Ubangiji ya ba Kawu hutu, ni kuma ya ƙara haƙuri da ni.