Piyano Mara Batir a Mansur

Wata Laraba ce a cikin watan Sha'aban, ina 'yar shekara tara, na dawo daga makaranta da rana tsaka na tarar da wani dogon abu jingine a bayan ƙofar ɗakinmu, an naɗe shi da tsohon bargo an ɗaure da igiyar shanya. Bargon ya zame ta gefe guda, sai ga wasu haƙora farare a jere, da baƙaƙe a tsakaninsu bibbiyu da uku-uku. Na tsaya da jaka a kafaɗa ina kallo, har na manta da ƙishirwar da na hawo dutsen unguwarmu da ita. A raina na ce irin wannan ne ake ajiyewa a falon attajirai cikin littattafai, inda budurwa ke zama da farin mayafi tana jiran wanda zuciyarta ke so. Sai muryar Inna Hansai ta fito daga kicin: "Ke Zulai, kar ki taɓa min da hannun ƙurar nan. Piyano ne."

Inna Hansai ƙanwar mahaifiyata ce. Daga Gusau ta zo, tana aikin gida a wurin wasu masu hali a Jidda, duk ƙarshen mako kuma ta shigo mota ta zo mana Makka. Ita ta koya min karatun Hausa da littattafan soyayyar da take ɓoyewa a ƙasan akwatinta, don a makarantarmu Larabci ne zalla. Wannan karon 'yar masu gidan ce aka saya wa babban piyano na katako, shi ne aka ce a fitar da ƙaramin mai batir, ita kuwa ta roƙa aka bar mata.

Gidanmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon mai waina a unguwar Mansur, bango kamar takarda, idan maƙwabci ya yi atishawa sai mu ce masa yarhamukallah. Da Baba ya dawo daga shagonsa na kayan yaji ya ga abin, sai da ya zagaya shi kamar mai duba akuya a kasuwa. Ba mutum ne mai faɗa ba, amma yana jin nauyin idon jama'a. Ya ce, "Hansai, kin rasa tsarabar da za ki kawo mana garin Ɗakin Allah sai kiɗa? So kike a ce gidan Sale ana cashewa?" Ta ce, "Haba Yaya, kai da ko tafi ba ka iya ba, wa zai zarge ka?" Ya yi dariya, amma ya juya abin ya zare batiran ya zuba a aljihu. Hukuncinsa ɗaya ne: piyano zai zauna muddin bai yi magana ba, ranar da aka ji sautinsa a waje kuwa, ranar zai bi motar shara.

A haka na fara koyo. Idan na gama wanke-wanke na kwashe shanya daga soro, sai mu ɗora shi a kan katakon guga, in durƙusa a gabansa, Inna Hansai ta zauna a gefena tana rera sautin da bakinta, ni kuma ina danna madannan suna ƙwas-ƙwas kamar ana ɓare gyaɗa. Ita kanta ba ta taɓa zama a gaban malami ba. Shekaru ta yi tana guga a wani lungu kusa da falon gidan aikinta, inda ba a hango piyanon sai ta cikin wani babban madubi da ke bango. A nan ta haddace darussan yarinyar gidan, yatsa bayan yatsa.

Malamai biyu ta gani, kuma duka biyun ta kawo min. Ta farko tsohuwa ce mai gilashi, wadda ke ɗora wa yarinyar kwabo a bayan hannu, ta ce a ɗaga kowane yatsa sama a sauke shi kamar guduma, wuyan hannu kada ya motsa. Idan kwabon ya faɗi, rula ce ke biyo baya. Wata da watanni hawa da sauka kawai ake yi a madannai kafin a taɓa waƙa ko ɗaya. Inna Hansai ta maye kwabon da ƙwallon dabino, rular kuma da mafici, kodayake ba ta taɓa dukana da shi ba sai dai ta yi min fifita. Ta biyun matashiya ce, ita kuma ta ce a saki kafaɗa, a bar nauyin hannu ya sauko da kansa, a rera waƙa da baki kafin a nema ta da yatsu. "Saki jikinki, ya binti," in ji Inna Hansai tana kwaikwayon muryarta da Larabcinta, "ba tuwo kike tuƙawa ba." Don haka ranar Alhamis ina ƙarƙashin tsohuwa, ranar Juma'a bayan la'asar ina hannun matashiya. Ni kuwa idona a lumshe, ina jin kaina a wani lambu mai furanni, alhali ƙamshin waina ne ke tasowa daga ƙasa.

Fiye da shekara muka yi a haka, har lokacin aikin Hajji ya sake zagayowa. Baba ya rufe shago ya tafi aikin girki a Arfa da Mina kamar yadda ya saba, mazan unguwa ma duk suka watse neman na kansu. Ranar Arfa muka yi azumi, muka bi matan gari zuwa Harami, wanda a ranar yake zama kamar namu mu kaɗai. Washegarin Sallah da hantsi, unguwa shiru, mai waina ma ba ya nan, Inna Hansai ta kunce bakin mayafinta ta zubo batira sababbi. Umma ta ce, "Hansai, za ki ja mana." Amma ita ta tashi ta rufe taga.

Na zauna kamar amaryar da za a buɗe wa fuska. Na sa hannuwana inda aka koya min, na fara waƙar da na fi iyawa. Abin da ya fito ba ita ba ce. Inda muryar Inna Hansai ke hawa sama siririya, piyanon sai ya gangara ƙasa yana gurnani, hannun da ya kamata ya yi rakiya a hankali kuma shi ke tsiwa a sama. Na sake, haka dai. Umma ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Inna Hansai ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta je gaban madubin sif ɗin Umma, ta ɗaga hannun dama, ta daɗe tana kallon matar da ke ciki ta ɗaga na ɗaya gefen. Sannan ta ce a hankali, "Innalillahi. A juye na gani, a juye na ba ki."

Ban taɓa ganin kunya irin ta ranar ba. Ta ciro bargon ta fara naɗe piyanon, tana cewa ta ɓata min hannu, jahila irinta ba ta da hurumin koyar da kowa, gara ta kai shi shara da kanta kafin Baba ya kai. Na rungume shi ina kuka, Umma ta shiga tsakani ta ce a bari mai gidan ya dawo. Kwanakin nan ban ci naman Sallah da daɗi ba.

Baba ya dawo baƙi ƙirin, yana warin hayaƙi, idanunsa jajaye. Umma ba ta iya ɓoye masa komai, tun kafin ya gama shan ruwa ta zayyana masa. Na laɓe a bayan labule ina jiran a kira motar shara. Ya dubi Inna Hansai ya ce, "Wato shekara guda kina koya wa 'yata tafiya da baya?" Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Ɗago. Wanda ya cire batir shi ya hana ku ji." Washegari ya shigo da wata 'yar leda daga shagunan bakin titi, a ciki akwai samma'a, abin sauraron nan da ake cusawa a kunne. Ya ce, "Kunne ɗaya naki, ɗaya nata, ban da na maƙwabta. In an kira salla a kashe, kuma sai an ba ni hadda tukuna."

Gyaran ya fi koyon farko wuya. Kai da kai muke zama saboda gajartar wayar, tana rerawa ina lalube, har sai abin da ke kunnena ya yi daidai da abin da ke bakinta. Sai da na girma na samu malama ta sosai na ji asalin abin da Inna Hansai ta kwaso. Ɗaga yatsun tsohuwar nan gado ne daga zamanin da kayan kiɗan ke da madannai marasa nauyi, da piyano ya ƙara girma da ƙarfi kuma sai malamai suka koma ga nauyin hannu da sakin jiki. Malamar ta yi mamakin ƙarfin hannuna na hagu, ban gaya mata dalili ba.

Yau ina koyar da yara a wata makarantar kiɗa a Jidda, abin da ko a mafarki ba mu zata za a yi a fili ba. Ɗalibaina suna zuwa da wayoyi masu nuna musu inda za su danna da fitilu masu launi, sauti kuma yana cika ɗaki ba mai rufe taga. Ina taya su murna, amma nakan yi kewar lokacin da waƙa sai an jira ta.

Inna Hansai ta koma Gusau tun kafin in gama sakandare. Tana da shekara hamsin ta auri wani tela da matarsa ta rasu, mutumin da har yau shi ke karanta mata littafi saboda idonta ya yi rauni, irin ƙarshen da ban taɓa samu a littattafanmu ba. Ba ta sake taɓa piyano ba. Bara na ɗauki kaina a waya ina kaɗawa na tura mata, na zauna ina jiran yabo. Amsarta ta zo da kukan akuya a bayanta: "Ma sha Allah, Zulai. Amma gaggawar me kike yi a tsakiya? Wa ya biyo ki?" Na koma na saurara, gaskiya ta faɗa. Allah ya saka mata da alheri, har yanzu ita ce malamata.