Hannun da Ke Bangon Littafin Gwaggo

Yarinyar tana da ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin ido. A hoton bangon littafi na farko da aka manna a garun shagon, tabon yana hagu, mayafinta ja. A na biyu ya koma dama, mayafin kore. A na uku ya dawo hagu, an ɗora mata tabarau. Littattafai uku, marubuta uku, amma yarinyar ɗaya ce, juya ta kawai ake yi. Mutane suna ta shiga shagon Mai Zane suna fita, wani ya karɓi katin biki, wani kalanda, babu wanda ya tsaya ya haɗa fuskokin. Ni ma na lura ne don na rasa inda zan ajiye idona. Idan na shiga wurin da ban saba ba, garu nake kallo.

Gwaggo ce ta jawo ni, ni da take kira 'Yar Shiru. Ƙanwar mahaifina ce, shekararta ashirin da shida tana aiki a ɗakin kati na wani asibiti. Ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya, kantoci har sama, ga warin tsohuwar takarda. Ta wannan tagar take mulki. Ba a tsallake layi a gabanta, ko likita ne ya turo ka. Muryarta kuwa, in ta kira lambar kati, har masu jiran magani a can ƙarshen baranda sai sun waiwayo. Amma a aljihun teburinta na ƙasa, ƙarƙashin robobin ɗaure fayil, akwai littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. A ciki take rubuta labaran soyayya idan an tafi hutun rana. Ma'aikatan jinya su ne masu karatunta na farko. Sukan leƙo ta taga kamar masu neman kati, su rage murya su ce, "Anti, ya dawo mata kuwa?"

Da na gama jami'a ina zaman jiran aiki, sai ta kawo mini littattafan rubutu goma sha ɗaya a leda ta ce in buga mata a kwamfuta. Labari ɗaya ne, kuma shi ne na farko da ta yarda a kai maɗaba'a. An gama komai, bango kawai ya rage. Masu maɗaba'a sun ce ranar Alhamis da safe za su ɗora shi a inji, saboda haka dole bangon ya isa gare su kafin su tashi ranar Laraba. Mu kuma ga mu a shagon Mai Zane ranar Larabar, da hantsi.

Mai Zane mutum ne mai fara'a, yana da tsarin aikinsa. Tambaya uku yake wa marubuci ta waya: an rabu ko an yi aure, saurayin mai hali ne ko talaka, wace kala kake so. Daga nan ya gama da kai. Ya juyo mana da fuskar kwamfutar yana murmushi.

"Mama, ga naki. Ki duba aiki."

Yarinyar mai tabo ce, yau da mayafi ruwan hoda. A bayanta wani dogon saurayi ya jingina da farar mota, ga furanni suna zubowa daga sama.

Na jira in ji muryar ɗakin kati. Gwaggo ta daɗe tana kallo, ta gyara zaman jakarta a cinya, ta ce, "Ya yi kyau." Sannan ta ce bari ta sha iska.

Na same ta a kan bencin ƙofar shagon, ta zuba wa titi ido. Na san abin da ke damunta, tunda ni na buga labarin. Namijin da ke ciki gajere ne, mai sanƙo, mai gyaran agogo, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Matar kuma mai babbar murya ce, kullum a makare. Sunaye kawai Gwaggo ta canza. Mijinta, wanda muke kira Baba Mai Agogo, shi ne tun daga shafin farko har na ƙarshe, kuma ban taɓa nuna mata na gane ba.

Na ce, "Gwaggo, ki ce masa bai yi miki ba mana."

"In ce masa me? Ya ce to wa zan sa, in ce mijina? Da girmana, da furfurata?" Ta yi tsaki. "Shekara uku ina rubuta mutumin nan, 'Yar Shiru. Yanzu duk wanda ya ɗauki littafin, wancan mai kama da sandar rake zai riƙa gani a ransa. Mota! Mutumin da ko keke sai ya tura shi a hawa."

Sai na faɗa mata zancen tabon. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta miƙe ta koma ciki, ta tsaya gaban garun tana bin hotunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa kwamfutar, sai ta fashe da dariya har tana dafa tebur.

"Ɗan nan, tsakaninka da Allah, yarinyar nan sau nawa ka aurar da ita?"

Mai Zane ya sosa ƙeya. "Mama, wa ya faɗa miki?"

"Ga mai idon nan. Ba ta magana, amma ba abin da ke wuce ta. Yarinyar hoton kuwa, baiwar Allah, jiya tana gidan wancan, yau tana gidana. Ka bar ta ta huta!"

Shi ma dariyar ya yi. "Mama, fuskar nan ita ke sa a ɗauki littafi. Duk wanda na sa wa ita bai dawo da ƙorafi ba."

"Ka karanta nawa?"

"In na ce sai na karanta kowane littafi, yaushe zan yi zanen?"

"To yau za ka karanta shafi ɗaya. 'Yar Shiru, buɗe masa wurin nan na safiya."

Na ciro kwafin da na buga daga jaka, na buɗe, na miƙa masa. Wurin da matar take ba da labarin abin da mijinta yake yi kowace safiya ne. Kafin ta fito daga wanka, sai ya ɗauki agogon hannunta daga kan madubi, ya tura shi gaba da minti biyar don kada motar ma'aikata ta tafi ta bar ta, ya mayar da shi daidai yadda ya same shi. Ta gane tun shekarar farko, ta cikin madubi ta hango hannun nasa, na hagu mai karkataccen ƙaramin yatsa. Ba ta taɓa faɗa masa ba, don kada ya daina.

Mai Zane ya fara karantawa a tsaye, yana kaɗa ƙafa. Can sai ya zauna. Ya juya shafi na gaba ba tare da an ce ya juya ba. Gwaggo ta kau da kai tana kallon injin yanka takarda kamar ta zo saye.

Ya ajiye ya ce, "Wannan ba fuska yake so ba. Hannu yake so."

Ya shiga lalube a cikin hotunan da ya tara. Hannaye suka yi ta wucewa, duk sumul-sumul, masu zobba, masu agogon zinare, babu wanda ya taɓa riƙe sukudireba. Ya girgiza kai.

"Mama, ko kin san wani mai gyaran agogo? Na gaske, tsoho. Minti goma ya ishe ni in ɗauka da waya."

Gwaggo ta dube ni. Na dubi garu.

"Akwai wani," in ji ta, "a layin bayan kasuwa. Amma ba ya son surutu. Kai dai ka tsaya a gefe kamar mai jira, ni zan ba shi agogona in ce yana tsayawa."

Shagon Baba Mai Agogo bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Akwatin gilashi a gaba, maɗaurai na fata da na ƙarfe a rataye, gwangwanayen alewa cike da ƙananan kusoshi, agogunan garu guda shida kowanne da lokacinsa. Yana zaune da madubin aiki a ido ɗaya. Ya amsa gaisuwata, ya dubi Gwaggo, ya dubi baƙon da ke bayanmu.

"Lafiya, a wannan lokacin?"

"Agogon nan ne yake ta tsayawa," in ji Gwaggo, tana kwance shi da sauri.

Ya kara shi a kunne. "Lafiyarsa lau."

"Ka dai buɗe ka duba."

Ya buɗe. Mai Zane ya matso, ya ɗaga waya kamar mai neman sabis, ya fara ɗauka ta gefen dama. Baba bai ɗago ba. Ya taɓa nan, ya hura can, sannan ya ce, a hankali kamar yana magana da agogon:

"Samari, in hannun kake so, zagayo ta nan. Na hagun ne mai karkataccen yatsan."

Mai Zane ya sauke wayar.

"Wa ya ce maka..." in ji Gwaggo.

"Littafi na biyu, wajen tsakiya. Mai shuɗin bango."

"Ka karanta?"

"In kin kawo su gida, a kwalin dutsen guga kike ɓoye su. Wa ke guga a gidan?"

Ban taɓa ganin Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska ba sai ranar. Daga cikin mayafin ta ce, "Duka goma sha ɗayan?"

"Na tara ne ban samu ba. Kin bar shi a wurin aiki."

"Kuma ka yi shiru! Mutum yana zaune da kai, ashe kana nan kana..."

"Ke da kika gan ni a madubi kika yi shiru fa?" Ya ɗauki ƙaramin hantsaki. "Gyara ɗaya ne da ni. Ba minti biyar ba ne. Bakwai ne. Biyar ba ta isar ki."

Mai Zane ya yi dariya har wayar ta kusa suɓuce masa. Mai sayar da batir na shagon kusa ya leƙo yana tambayar abin da ya faru, Gwaggo ta leƙo da ido ɗaya ta ce masa ya koma bakin kayansa. Ni kuwa na riƙe bakina da hannu biyu, kafaɗuna suna rawa.

Baba ya ce bari ya wanke hannu tukuna, akwai baƙin mai a farcensa. Mai Zane ya ce wallahi in ya wanke ya ɓata aikin. Suka ɗan ja, Gwaggo ta sauke mayafin ta raba gardamar.

"A bar shi yadda yake. Haka na rubuta shi."

Kafin la'asar bangon ya haɗu. Babu fure, babu mota. Teburin katako ne da ya sha aiki, hannun hagu riƙe da ƙaramin agogon mata, karkataccen yatsan ya ɗan tashi sama, sunan littafin da farin rubutu daga sama. Mai Zane ya so ya ɗan goge tamojin fatar, Gwaggo ta buge masa hannu daga kan linzamin kwamfutar. Da kanta ta tsaya a kansa har ya tura wa maɗaba'a, sannan ta sa ya kira su ya tabbatar ya shiga.

Bayan kwana goma littafin ya fito. Tare muka je karɓo kwalin farko. Ta yanke igiyar da makullin gida, ta zaro guda ɗaya, ta riƙe shi nesa da ido, ta matso da shi, ta shafa da tafin hannu. Ta ce kalar teburin ta fi duhu a kwamfuta. Ta ce sunanta ya yi ƙanƙanta. Duk tana faɗa bakinta har kunne.

A asibiti ma'aikatan jinya suka yi cincirindo a taga. Wata ta ce, "Anti, ina saurayin? Mu da muke jira mu ga kyakkyawa!" Wata tsohuwar ungozoma ta karɓa ta ƙura wa hoton ido, ta ce, "Hannun nan kamar na san shi. Ba shi ya canza mini maɗauri ba?" Gwaggo ta fizge littafin ta ce masu kati su matso, layi ya yi tsawo. Na lura ba ta mayar da shi aljihun ƙasa ba. A kan teburin ta bar shi, kusa da hatimi, bangon yana kallon sama.

Da aka tashi ta ce in raka ta shagon kayan makaranta. Ta sayi farar leda irin wadda ake naɗe littattafan 'yan firamare da salatif ƙarami. Muna isa gida ta ajiye jaka, ta share teburin falo da gefen hannu, ta shimfiɗa ledar, ta ɗora littafin a tsakiya. Ta auna, ta yanka, ta ninke kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya tana danne kowacce da babban yatsa, ni kuma ina yanko mata salatif ina miƙa mata.