Lomar Farko

Duk wanda ya san Baba Inuwa a Bompai ya san shi da kallon ƙasa-ƙasa. Ka ba shi goro, sai ya juya shi, ya sansana, ya dube ka, sannan ya jefa aljihu. Ba wulaƙanci ba ne, aiki ne ya mai da shi haka.

Yana kurtu aka kai shi fagen yaƙin basasa, aka haɗa shi da wani Manjo Abdulbaƙi, wanda a gabansa wani hafsa ya taɓa faɗuwa matacce a kan kwanon shinkafa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu: Manjo ya rantse ba ya cin abin da wani bai fara ci ba. Wanin nan kuwa Inuwa ne. Yaƙi ya ƙare, Manjo ya zama Kanar, ya zama Janar, ya yi ritaya ya tare a Bompai bayan kamfanoni, lomar farko dai ta Inuwa ce. Kuku nawa Inuwa ya sa aka kora? Ko uwargidan Janar ba ta tsira daga zarginsa ba. Guba kuwa bai taɓa cin karo da ita ba. A wurinsa, wannan ma shaida ce cewa maƙiya sun san yana nan.

To, ashe mai zargi ma ana zarginsa. Da tsufa ya fara taɓa kan Janar, 'yarsa Hajiya Badi'a ta dawo gida ta sa wa Inuwa ido. Don me shi kaɗai ke shiga ɗaki da kwano? Ya aka yi mahaifinta ke ramewa, shi kuwa garau? Ta sallame shi da irin mutuncin nan da ya fi zagi ciwo. Ya koma Challawa wurin ɗansa Shu'aibu, ma'aikacin kamfanin fata, ya zauna cikin warin jima da baƙin ciki.

Janar ya daina ci. Aka yi lallashi, aka kawo likita, a banza. Dole Hajiya ta aika mota.

"Baba Inuwa, ku yi haƙuri, ku taimaka mana," ta ce, kanta a sunkuye.

Ya shiga, ya ƙame, ya sara wa ubangidansa. Ya kai loma baki, ya tsaya jira kamar kullum. Janar ya yamutsa hanci, yana jin warin fatar da ya kama rigar tsohon.

"Kai wane ne? Wa ya turo ka?"

"Kofur Inuwa ne, ranka ya daɗe."

"Ƙarya kake. Inuwa yaro ne. Kuma Inuwa ba ya tafiya ya bar ni." Ya ture kwanon da bayan hannu. "A kira min shi."

"To, ranka ya daɗe."

Baba Inuwa ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, kwano a hannu, hawaye na bin gemunsa. Umarni ne aka ba shi, bai kuwa san inda zai je kiran ba.