Azumin Maitama

Ranar da ya musulunta liman ya raɗa masa suna Muhammad Sani, amma har ya koma ga Allah babu mai kiransa da shi sai matarsa Hansai, ita ma sai in ya ɓata mata rai. Kowa Maitama yake cewa. A bayan idonsa kuwa a ƙara da “tubabbe”.

Ɗan gidan Maguzawa ne daga wani ƙauye a bayan Kafur, gidan noma da burkutu. Ya yi noman, burkutun ma ya sha rabonsa har da na maƙwabta kafin ya tuba. Daga nan ya dawo Dandume ya kama dakon masara a kasuwa, ya auri Hansai, bazawara mai suyar ƙosai. Ƙato ne wanda ba ya son hayaniya, buhu yake sunkuta shi kaɗai ya hau da shi tirela.

Abu guda yake taƙama da shi a duniya: tun da ya yi shahada bai taɓa shan azumi ba. Hansai ta san dalili. Duk shekara abokan dakonsa sai sun tsokane shi, wai bana za a ga ko cikin Bamaguje zai jure. Su kansu in rana ta take sukan zagaya bayan mota su kurɓi ruwa, a ce gajiya ce. Shi ko da zai kurɓa, ba gajiya za a ce ba, asali za a tono.

Da shekaru suka ja, baya ya fara ƙi. Farasitamol ya zama goronsa, safe, rana da yamma. Sai ga azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Maitama ya yi lissafinsa na manomi: in abincin yini guda ana cinye shi da sahur, me zai hana magani? Ya riƙa haɗa na safe da na rana da na yamma ya watsa a baki lokaci ɗaya. In an sha ruwa kuma ya sayi haɗi a ƙullin leda wurin mai tallan magani a faranti, ja da fari da ruwan ɗorawa.

Hansai ta tuna masa cewa ƙwaya biyu mai kemis ya ce a sha. Ya yi dariya, ya ce biyu ai na masu zama ƙarƙashin fanka ne. Ta ƙyale shi, don ta ga yana tashi garau ya fita nema. Wannan ƙyalewar ta daɗe tana cinta.

Kafin azumi ya raba tsakiya abinci ya fita ransa, sahur ya koma ruwa da ƙwaya. Ciwo ya tokare shi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya ƙara ƙwaya don ya kashe shi. Idanunsa suka yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayi. Aka ce shawara ce, aka kawo jiƙe-jiƙe.

Sannan kansa ya juye. Mutumin da ba a jin muryarsa ya zauna tsakar gida yana rera waƙoƙin gayya na gidan ubansa, yana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa. Mata suka cika gidan da sunan dubiya. Hansai na jin su a bakin zaure suna cewa iskokin gidansu ne suka biyo abinsu, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ji zafin maganar fiye da ciwon. Shekara da shekaru yana ƙishirwa don kada a faɗi haka, ga shi an faɗa yana zaune.

Da aka kai shi asibiti a Funtua, wata likita ta tambayi abin da yake sha, Hansai ta zayyana mata. Likitar ta ce babu iska a nan, hantarsa ce ta ƙone. Ƙwayoyin nan masu launi daban-daban yawancinsu magani ɗaya ne, ya tara su a cikin da babu abinci, kan hantar da giya ta riga ta raunana. Dafin da hanta ta kasa tacewa ne ya hau masa kai. Da an kawo shi da wuri akwai abin yi.

Aka ɗaura masa ruwa yana kwance bai san inda yake ba. Washegari da hantsi ya buɗe ido, ya gane ta sarai. Leɓɓansa sun tsage, harshe ya bushe. Ta kawo kofi bakinsa, ya kau da kai.

“Rana ta faɗi?”

Hansai ta dubi taga. Rana ko tsaka ba ta kai ba. Ta miƙe ta ja labule, ta dawo ta tallafo kansa.

“Ta faɗi, malam. An kira salla, ba ka ji ba ne.”

Ya yi bisimilla ya sha, kaɗan ya shiga, saura ya bi wuyansa.

“Ki gaya musu bana ma ban sha ko ɗaya ba.”

“Zan gaya musu.”

Ya rufe ido yana murmushi. Da ladan ya kira azahar a masallacin asibitin, Hansai ta sa tafin hannu ta toshe masa kunne, amma ya riga ya wuce jin komai.