Darasin Masar da Ya Tara Mini Jama'a

Na gane akwai matsala da na gaida maƙwabta a bakin rijiya, ba wadda ta amsa. Laifina kawai na gaya wa yaran da nake koyarwa a Yashe abin da na karanta a sakandare: wani gidan sarautar Girkawa ya mulki Masar, sarakunansa kan auri ƙannensu mata. Kafin azahar an ce ina koya wa yara auren muharrami. Ni? Ba wanda ya ko tambaye ni! Samari suka cika ƙofar gidanmu, na maƙale bayan rumbu. Sai bayan la'asar, da liman ya saurari yaran ya gane tarihi kawai na ba su, Baba ya leƙo ya ce, "Fito, 'yar nan, an watse. Ba mai taɓa ki."