Kaset ɗin da Aka Ba Tsuntsaye

Ranar nan a wurin aiki wata abokiyar aikina ta kunna kiɗa a wayarta, sai na ji ganga ta faɗo a ciki, irin mai kaurin muryar nan da ake buga wa manoma. Daga nan hira ta koma kan waƙa, kowa yana faɗin kaset ɗin da ya fi so a duniya, yana latsa waya yana jiyar da mu. Da aka zo kaina na ce nawa ba ya cikin waya. Suka yi dariya, wai yanzu babu abin da babu a waya. Ban yi musu bayani ba, don na san in na fara raina zai ɓaci. To ga shi ya riga ya ɓaci, bari in faɗa muku kawai.

Kakana, mahaifin babana, makaɗin noma ne a Argungu. In za a yi gayya a fadama, shi ake kira ya tsaya bayan manoma da gangarsa, yana zuga su har su manta da rana. Wata shekara, tun ba a haife ni ba, wani mai shagon kaset a kasuwa ya bi shi wata gayya a Gulma da rikoda, ya ɗauko kiɗan tun daga fari har aka tashi. Kwafi kaɗan ya buga, ya kawo wa gidanmu ɗaya. Sauran duk sun bi duniya, shagon ma ya mutu. Da kakan nawa ya rasu ina ƙarama, wannan kaset shi kaɗai ya rage da muryarsa.

A ɗakin matarsa, wadda muke kira Kaka, nake kwana, kuma ni ce mai kunna mata rikoda saboda idonta ya yi rauni. Kaset ne fari, ta ɗaura masa jan zare a kusurwa don ta gane shi da lalube. Da hantsi, in ta gama shan kunu, sai ta ce in sa mata maigidanta. Haka take cewa, ba ta taɓa cewa kaset ba. Batir in ya yi sanyi mu shanya shi a rana bisa katanga, in za a mayar da waƙa baya kuma da biro nake juyawa don kada a cinye wutar.

Kada ku zaci wani gyararren abu ne. Ana jin ƙarar fartanya a ciki, ana jin tarin wani tsoho, akwai ma inda mai ɗaukar ya yi wa wani yaro tsawa. Amma in marigayi ya buɗe murya yana kiran manoma ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarin gidansu, sai tsigar jikina ta tashi. Can wajen ƙarshen fuska ta biyu wata mace takan rangaɗa guɗa doguwa. Duk ranar Allah in an zo wurin sai Kaka ta ɗaga yatsa ta ce, "Ga ni nan." Ita ce, ta kai wa 'yan gayya fura a ranar.

Shekarar da aka ba mu jiha, ƙanen babana, wanda muke kira Baffa, ya sami aikin ofis a Birnin Kebbi. Ba a daɗe ba ya fara zuwa gida da takalmi sau-ciki da ƙamshin turare, yana toshe hanci in ya bi ta inda ake shanya kifi. Sai ya ga 'yar wani gidan malamai ya ce yana so. A can ya ce musu mahaifinsa manomi ne, don kun san yadda ake kallon ɗan makaɗi in ya je neman aure. Mutum zai yi rawa da kiɗanka har ya yi gumi, amma ba zai ba ɗanka 'yarsa ba. Gangar marigayi ma da ke rataye a zaure, Baffa ya sauke ta ya ba wani, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Wata rana da hantsi wasu mata biyu daga gidan yarinyar suka zo ganin gidanmu, kamar yadda ake yi kafin a ba da aure. Suka tarar da kaset yana ci. Bayan gaisuwa babbar cikinsu ta ce, "Inna, wane na wanga mai waƙa?"

Kaka ta gyara zama ta ce, "Maigidana na. Uban yaron da ka biɗar ɗiyakku."

Da labari ya kai wa Baffa, ya zo gida kamar zai tashi sama. Ina jin sa daga tsakar gida yana cewa, "Inna, kin kashe ni. Mi yas sa kinka hwaɗi?" Ita kuwa ta ce, "Ƙarya kaka so in yi? Da gangan nan anka cishe ka." Ya fita bai yi sallama ba.

Lokacin shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki sun sauko fadama. Wanda ya yi noma a wajenmu ya san dabarar: a samo matattun kaset, a zare zaren, a ɗaure shi a sanduna ya ratsa gona. Yana walƙiya a rana yana fito in iska ta kaɗa, tsuntsu ya ji tsoro. Wata rana da safe Kaka ta laluba cikin kwallar da take ajiye kaset ɗin ba ta ji jan zare ba. Muka birkice ɗaki, har ƙarƙashin gado na shiga. Da rana aka aike ni gona da abincin yayyena masu korar tsuntsu, ina hawa kunyar gonar na taka wani abu. Farin ƙoƙon kaset ne, babu komai a cikinsa, jan zaren yana nan a kusurwa. Na ɗaga kai na ga muryar kakana a miƙe daga wannan sanda zuwa waccan, iska tana wasa da ita.

Da aka tuhumi Baffa, bai ko yi musu ba. A gaban babana ya ce, "Gwamma shi kori tsuntsu da shi kore man mata." Babana ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, ƙanensa ne. Har yau ina jin haushin wannan haƙurin kusan yadda nake jin haushin aikin. Matattun kaset sun cika kasuwa, ko yaro ka aika zai cika maka leda, amma shi na mahaifinsa ya zaɓa, ya kuma shiga har ɗakin uwarsa ya ɗauko. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Na koma gona na kwance zaren da hannuna, ina kuka ina naɗewa a kara. Rana ta riga ta dafa shi, ya yi laushi ya murɗe. Wani mai gyaran rikoda a kasuwa ya tausaya mini ya lilliƙa ya mayar a ƙoƙon. Da na kunna wa Kaka, sai shuuu kawai, kamar ruwa a kan kwano. Ta saurara har wajen da ya kamata guɗarta ta fito, sannan ta ce, "Kashe shi, ɗiyata." Ba ta yi kuka ba. Shinkafar gonar nan dai ba ta sa ta a baki ba, tuwon gero ta ci har shekara ta zagayo.

Auren kuma aka ɗaura shi lafiya lau. Ashe mahaifin yarinyar ya san marigayi tun da daɗewa, marigayin ma ya taɓa yi musu kiɗa a gonarsu ta Zauro. A banza aka yi ɓarnar.

Yanzu zamani ya juya. Makaɗan noma ake ɗorawa a dandamali ana cewa al'adunmu ne, ɗan Baffa na cikinsa yana bugun ƙirji wai shi jikan makaɗi ne. Kaka ta daɗe da rasuwa. Da sallar da ta wuce na je gaishe da Baffa a Birnin Kebbi, ya tsufa, ya bar aiki. Da mutane suka ragu ya miƙo mini wayarsa, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "An ce komi na cikin abin ga. Duba man ko akwai muryat tsoho. Na mance yadda take."

Na ce masa babu. Sai ya ce ai ni ce mai kunnawa, ko zan tuna masa ko baiti ɗaya.

Na iya su duka, daga fuskar farko har guɗar Kaka, ina rera wa 'ya'yana in ina wanki. Mutane suna ce mini a yafe, tsoho ne, kuma na san gaskiya suka faɗa. Wataƙila wata shekara. Bana dai na ajiye masa wayarsa a kan tabarma, na ce Allah ya maimaita mana, na ɗauki mayafina.