Minti Huɗu na Muryar Yaya

Shekarunta hamsin da takwas, ta yi finafinai tara, kuma ana nuna ayyukanta a ɗakunan baje kolin fasaha. Wanda aka fi sani shi ne wani keken ɗinki da ta ajiye a tsakiyar ɗaki, yana ta juyawa babu zare babu ƙyalle. 'Yan sana'a suna ce mata Ba-Yanka, saboda idan ta kunna kyamara ba ta kashewa sai abin da ke gabanta ya ƙare don kansa.

Mahaifiyarta tela ce. Fim ɗinta na farko a shagon uwar ta ɗauke shi, tana 'yar shekara ashirin da biyu. Ta kafa kyamarar aro a kan teburin guga ta bar ta. Tsohuwa tana ɗinki tana hira, tana zagin allura, tana ba da labarin yadda mahaifinsu ya zo gyaran wando ya ƙi tafiya. Sai da kaset ya cika.

A lokacin yayanta ne kaɗai a garin yake da na'urar yanka da haɗa fim, a wani ɗaki a bayan shagon hoto. Abokan aikinsa Almakashi suke kiransa. Ta kai masa kaset ɗin ya daidaita sauti kawai. Da ta koma, ta tarar ya mayar da fim ɗin minti huɗu, ya cire maganar Mama gaba ɗaya, ya ɗora kiɗa a kai.

"Yaya, ina sauran?"

"Wane saura? Wa zai zauna yana kallon tsohuwa tana neman ramin allura? Na ɗora tallar sabulu a kan kaset ɗin. Ki gode mini, na rufa miki asiri."

Mama ta rasu a shekarar. Ba a taɓa naɗar muryarta a wani wuri ba.

Ba-Yanka ba ta yi rigima ba. Tana zuwa gidansa, tana ɗaukar 'ya'yansa, tana gaishe shi da ladabi. Amma ba ta sake barin kowa ya taɓa mata fim ba, kuma daga nan ta daina yanka. Shi kuwa ya yi suna, ya horar da matasa, ya zama mutumin da ba a taron 'yan fim sai ya yi jawabi. Yana son jawabi.

Da ya cika saba'in, almajiransa na sana'a suka shirya karrama shi, suka ce ƙanwarsa ce ta fi dacewa ta yi fim a kansa. Ta amsa nan take. Ta yi watanni tana zuwa falonsa da kyamara.

"Ƙanwata, yau ma ba za ki ce in tsaya ba?"

"Ni ba na tsayar da mutum, Yaya. Ci gaba. Kana kan zancen lambar yabo ta uku."

"Ta huɗu dai, ke ma kin san da haka."

Ranar taron ɗakin kallo ya cika. Aka kashe fitila. Ga Almakashi a allo, cikin kujerarsa, ya ja numfashi zai yi magana, sai hoton ya tsallake. Ya gyara tabarau, ya buɗe baki, hoton ya sake tsallakewa. Ta yanke kowace kalma, ta bar tari da haɗiyar yawu da sosa kunne da ɗaga yatsa. Da farko mutane sun ɗauka injin ne ya lalace. Can wani ya fashe da dariya a baya, sauran suka bi. Masu sharhi daga baya suka ce shi ne fim ɗinta mafi kyau.

A bakin ƙofa ya riƙe mata hannun riga.

"Me na yi miki?"

"Na rufa maka asiri ne, Yaya. Wa zai zauna yana sauraron tsoho?"

Ya sake ta.

Bayan shekara guda likitoci suka yi masa aiki a maƙogwaro, muryarsa ta tafi, ba za ta dawo ba. Jawabansa na taro akwai su nan da can, amma hirar falon, inda ya yi zancen yarintarsu da aurensa da haihuwar 'ya'yansa, tana wurin Ba-Yanka kaɗai. Babbar 'yarsa ta same ta a ɗakin aikinta.

"Gwaggo, don Allah ki ba mu. Ƙaramin ɗana bai taɓa jin kakansa ya yi magana ba."

"Ke kin taɓa jin taki kakar?"

'Yar ta ce, "Ni ban yi miki komai ba."

"Na sani. Ki je, zan aiko."

A makon jiya ta aika. Minti huɗu ne. Almakashi yana zaune a falonsa, bakinsa yana motsi, yana dariya, yana nuna wani abu da hannu. Ta cire sautin, ta ɗora kiɗan nan da ya ɗora wa Mama.